Jirgin da Yaya Ya Saya da Shanunsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu aron Yaya ya karɓi kayansa, ba mu da ta cewa. Ni ce ƙanwarsa, ni ke bi masa, nono ɗaya muka sha. Ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara min magana.

Da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa na Yalwawa, jama'a sun zo, ba laifi. Mutanen Kiyawa sun zo a kan babura, na Kafin Hausa sun ciko bas. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta shigo cikin gida tana jan ƙafa, ta zauna ta yi kukanta ta ƙoshi, sannan ta ce shekarar da tsuntsayen jan-baki suka taso za su cinye musu shinkafa, shi ne ya zo ta sama ya yi musu feshi. Ta ce ba ta san fuskarsa ba, ƙarar jirginsa ta sani. Na ji daɗin wannan.

Amma kunne ba ya toshewa don ana makoki. Akwai masu cewa "Allah ya jiƙan mai jirgi" suna danne dariya a gefen baki. Akwai wadda ta zauna a bayana, tana zaton tsufa ya cinye min ji, ta ce da maƙwabciyarta, "Shanun ubansu ne suka tashi sama, har yau ba su sauko ba." Ɗayar ta ce, "Da ya bar garken nan, da yanzu marayu na shan nono." Na ja carbina, ban waiwaya ba.

Ana cikin zaman nan sai matar babban ɗansa ta sauka, aka sami namiji. Kowa ya san abin da ake yi in kaka ya tafi jika ya zo: a mayar da suna. Uban jaririn ya zo wurina idonsa jawur, ya ce, "Goggo, ina so in sa masa sunan Baba, amma Baffa ya hana." Baffan nasu shi ne autanmu, wanda yanzu shi ne babba a maza. Wai ya ce suna yana bin jini, ba za a raɗa wa jariri sunan mutumin da ya sayar da garke ya sayi abin wasa ba, kada ya tashi ya gado shi.

To, a nan ne na ajiye carbi. Na ce tunda abin ya kai ga a hana shi suna, zan buɗe bakin da na rufe shekara da shekaru.

Yaya ɗan fari ne. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba a gidan Fulani. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ba ta taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba. "Wancan" take ce masa. In ya zo gaishe ta, sai ya tsugunna a bakin ƙofa, ita kuma ta mayar da fuska ga ƙwaryarta ta ce da ni, "Ki tambayi wancan ko ya ci abinci." Shi kuma ya amsa wa bango, "A ce mata na ci." Ranar da aka zo ruga neman yaran boko mahaifinmu ya ba da shi, Inna ba ta ko fito ba, tana ciki tana kaɗa nono. Haka ya tafi, haka ya yi karatunsa, har gwamnati ta koya masa tuƙin ƙananan jiragen feshi.

Mutum ne mai duban sama kafin ya dubi mutane. In ya fito da safe sai ya tsaya ya ga inda hayaƙin murhu ya karkata, sannan ya ce ina kwana. Ba ya gaggawa ko da gobara ake. Yakan ce, "Sama ba ta da bakin titi da za ka tsaya ka yi gyara." In yaro ya kawo masa aiki rabi da rabi, abin da zai ji ke nan. In mace ta ɗora tukunya a murhu a karkace, ita ma ta ji.

Bayan an ba mu jiha, Dutse ta fara cika da baƙi, sai ya ajiye aiki ya dawo gida. A lokacin Inna ta tsufa, bayanta ya riƙe tun wata faɗuwa da ta yi a bakin rijiya. Tana da ƙanwa guda, Yafendo, wadda aure ya kai can ƙasar Adamawa, rabonsu da juna tun bikina. Mun taɓa gwada kai ta a mota. Ba mu wuce Birnin Kudu ba sai da aka sauke ta aka kwantar a gindin bishiya, tana cije leɓe don kada ta yi ƙara a gaban direba. Muka juyo. Bayan nan, wata rana Yaya na tsugunne a bakin ƙofa, Inna ta ce da ƙwaryarta, ba da kowa ba, "Ni da ƙanwata kuma sai a Lahira."

Damina na wucewa Yaya ya ce a ware masa rabonsa na shanu.

Ranar da dillalai suka zo, Auta ya tsaya a tsakiyar garke da sandarsa. Ya ce, "Ni na bi su rani da damina kana can kana cin burodi a makaranta. Har da jikokin karsanar da aka ba ka ranar sunanka za ka sayar?"

Yaya ya ce, "Rabona ne."

"Rabonka ne a gaban alƙali. A gaban Fulani fa? Me za ka yi da kuɗin?"

"Jirgi zan saya, ƙarami. In riƙa shan iska da iyali Asabar da Lahadi."

Shan iska! Wallahi haka ya faɗa, a gaban dillalai, a gaban makiyaya. Kafin la'asar magana ta kai kasuwar Shuwarin. Ni kaina na yi fushi da shi, ba zan ɓoye ba. Fararen shanu ne masu dogon ƙaho, in suna tafe kamar an shanya sabon alawayyo. Na tsaya ina gani aka loda su.

Ana nan, ana nan, sai ya ce in shirya zan raka shi Kano. Ya ce in ɗaura zane irin ɗaurin tsofaffi, in riƙo sanda. Na ce, "Yaya, ni da ƙafata lafiya?" Ya ce, "Riƙo dai."

Muka je gefen filin jirgi, wata rumfar kwano mai girman kasuwa. Dillalin wani mai tumbi ne da agogon zinariya, bakinsa kamar an zuba zuma. Ya fara kai mu ga wani jirgi sumul, fari da ratsin shuɗi, kujera shida, fiffikensa a ƙasa, wai in ya tashi har ƙafafunsa yake naɗewa cikin ciki kamar shamuwa. Ya ce, "Alhaji, wannan shi ne na manya. In ka sauka da shi, kafin ka buɗe ƙofa an san waye ya zo."

Yaya ya ce da ni, "Shiga. Ki duƙa, ki dogara sandar."

Ashe ba a shigarsa sai an taka kan fiffike. Na ɗaga ƙafa, zane ya ce bai san zancen ba. Na ce, "Yaya, ni ba kaza ba ce da zan hau katanga." Dillali ya yi dariya ya ce, "Hajiya za ta saba."

Yaya ya ce, "Ba ta da lokacin sabo." Sannan ya tambaye shi, "In ka cika masa ciki da mai, a tsakiyar bazara, rana a ka, mutum nawa zai ɗaga daga gona?"

"Gona kuma? Alhaji, wannan ai sai kwalta."

"To, mu kwaltarmu ta motoci ce. Kuma kujera shida ba mutum shida ba ce. Mu je gaba."

Na biyu ɗan ƙarami ne, kujera biyu kafaɗa da kafaɗa, ga araha. Yaya ya leƙa sau ɗaya ya girgiza kai, bai ma ce in gwada ba.

Can ƙurya akwai wani tsoho, fentinsa ya koɗe, fiffikensa a sama kamar rumfar mai shayi, ƙafafunsa a tsaye ƙiƙam da tayoyi masu kauri. Dillali ya so ya wuce da mu. Yaya ya tsaya. Wallahi yadda mahaifinmu ke duba bijimi a kasuwar kara, haka ya duba shi. Ya sa aka buɗe masa baki ya ga inji, ya shafa farfela da tafin hannu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ciki, ya dangwali baƙin mai ya shinshina. Ya tambayi a hannun wa ya taso, wa ya yi masa jinya, ya taɓa faɗuwa ko bai taɓa ba. Sai da ya gama ya buɗe ƙofa. Ƙofar a ƙasa take, ga faɗi. Na duƙa da sandata, taki ɗaya na ji ni a ciki, a kujerar baya.

Ya zagaya ya shiga gaba, ya zauna a wurin matuƙi, ya kama sitiyari. Bai waiwayo ba ya ce, "Kina ganin fuskata?"

Na ce, "Sai ƙeyarka."

"Ƙasa fa? Fiffike bai tare miki ba?"

"Ina ganin har tururuwa."

Ya ce, "To, shi ke nan. Shi za mu ɗauka."

A nan ne abin ya faɗo min. Sanda, da ɗaurin zane, da duƙawa, da ƙeya. Na ce, "Yaya, ashe don Inna..." Ya ɗaga hannu. Ya ce, "In ta ji an ce don ita aka sayar da saniya ko guda, ba za ta taka shi ba har ta mutu. Shan iska na ce. Ki bar shi a shan iska."

Haka ya ɗauki sunan almubazzari ya rataya a wuya, da saninsa, bai taɓa saukewa ba.

Ya sha zirga-zirgar neman izini, ya baje gonarsa ta wajen Kiyawa ya mayar da ita filin sauka. Kuma don maganarsa ta zama gaskiya, ya yi ta shan iskar da gaske. Ran Asabar duk wanda ke so ya zo. Sharaɗi ɗaya ne: sai ka hau sikelin buhu da ya rataye a reshen tsamiya, kai da kayanka. Wani surukinmu kansila ya zo da babbar riga ta sha aiki, ya ce shi ba buhun gero ba ne, kuma gaba zai zauna. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasa kai kansila ne. Sama nauyi ta sani, ba ta san muƙami ba." Ya hau, yara na leƙe, reshe ya yi ƙara. Yaya ya ce zai ɗauke shi, amma shi kaɗai, sauran su jira sawu na biyu. Kansilan bai sake gaishe mu da daɗin rai ba sai bayan Sallah.

Ko da shari'a ta zo, wasu samarin unguwa masu wa'azi sun same shi a gindin tsamiyar nan, suka ce sun ji yana cakuɗa maza da mata a sama. Ya nuna mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wannan ƙanwata, wannan 'yata, waccan jikata. Ku fitar min da bare." Ya ce da babbansu, "Malam, zo ka ga ikon Allah daga inda tsuntsu ke ganinsa." Ya hau sikeli, ya shiga. Ya sauko yana ta tasbihi, ya ce ashe duwatsun Dutse duka ba su fi curin fura ba. Daga ranar shi ke zuwa korar awaki daga fili.

Amma bari in koma baya, ga ranar da aka sayi jirgin dominta.

Sai da mutane suka saba ganinsa yana tashi yana sauka, sannan na je wa Inna. Na ce, "Jirgi zai je Adamawa ran Asabar, akwai kujera ba kowa." Ta ce, "Wa ke tuƙi?" Na ce, "Wancan." Sai ta ce, "A ina zan zauna?" Na ce, "A bayansa." Ta ce, "To, a narka min man shanu. Ba a zuwa wa mutum hannu rabbana."

Da hantsi muka tashi. Sikeli ya ce ni ce mai nauyi, aka sa ni gaba kusa da shi. Inna ba ta fi ƙunshin kara ba, ta zauna baya ita kaɗai da ƙwaryarta a cinya. Jirgin akwai ƙara, don haka kowa sai an sa masa wani abu a kunne, mai ɗan ƙarfe da ke zuwa gaban baki. Ni na sa mata, na ce na tare ƙara ne. Ban gaya mata cewa duk abin da mutum ya faɗa a cikinsa sauran na ji ba, don ni ma ban sani ba sai ranar.

Muka bar ƙasa. Duwatsu suka koma baya, gonaki suka zama kamar facin zane. Can muka bi ta kan wani garke, fari fat a cikin kore, kamar an watsa wake a faifai. Sai na ji murya a cikin kunnena, sirit, da Fillanci. Inna ce. Ta ga ba kowa a gefenta, ga ƙarar inji ta rufe duniya, ta ɗauka daga ita sai Ubangijinta.

Ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tun da na zo duniya. Ta sake kira. Ta ce, "Ɗana. Ɗana na fari. Ranar da suka tafi da kai, na cusa bakin zane a baki don kada a ji ni. Nonon da na kaɗa ranar zubar da shi aka yi, ya yi gishiri." Ta ce, "Suna zaton ban sani ba. Na san abin da ya ci shanunka. Allah ya yi maka albarka a ƙasa, ya yi maka a sama, ya yi maka ranar da ba ƙasa ba sama."

Na juya zan yi magana. Yaya ya ɗora yatsa a leɓe. Idonsa na gaba, hannunsa na kan sitiyari, ruwa na bin gemunsa yana ɗiga a riga, bai share ba. Jirgin ko gezau bai yi ba. Haka ta yi ta magana da ƙeyarsa har muka hango Binuwai.

Da muka sauka, ya buɗe mata ƙofa ya koma gefe ya tsugunna. Ta fito ta gyara mayafi, ta dubi wani wuri daban, ta ce da ni, "Ki ce wa wancan ya iya tuƙi, ba laifi."

Ya dubi tayar jirgin ya ce, "A ce mata na gode."

Haɗuwarta da Yafendo ba zan iya faɗa ba. Tsofaffi biyu sun riƙe hannun juna sun kasa gaisawa. Yaya ya sake kai Inna, ya sake kai ta, har shekarar da ta rasu, kuma ba ta taɓa sanin an ji ta ba. Tun ranar farko ya ce da ni, "Muddin ni ko Inna ɗayanmu na numfashi, wannan maganar ta tsaya a sama." Daga baya idonsa ya raunana, ya sayar da jirgin a wulaƙance. Ko ɗan maraƙi bai dawo ba. Wannan gaskiya ne, masu faɗa ba su yi ƙarya ba.

To, yanzu ba ɗayansu da ke numfashi. Ana jibi suna na aika aka kira min Auta. Na ce, "Zauna, ba a matsayin Baffan kowa ba, a matsayin wanda na goya." Na zayyana masa duka. Ya daɗe yana tona ƙasa da sandarsa. Ya ce, "Me ya sa bai gaya min ba, Adda?"

Na ce, "Kai da ba ka iya ɓoye wa Inna ko ɓatan akuya? Da ka sani, da ta shiga?"

Ya ce, "Ni kullum tana kiran sunana. Ban san akwai mai jira ba." Sai kuma ya murtuke, don taurin kai gadonmu ne. Ya ce, "Shanu dai ba su dawo ba."

Na ce, "Ba su dawo ba."

Ya tashi ya tafi, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ranar suna da safe maza suka cika ƙofar gida, mu mata muna daga bayan zaure muna saurare. An raba goro, an kawo rago. Liman ya ce, "Wane suna za a yanka a kai?" Uban jariri ya dubi Baffansa, Baffansa ya dubi ƙasa. Liman ya sake tambaya. Na ji wani ya fara cewa ai sunaye da yawa, a zaɓi wani mai albarka.

Ni ma ban taɓa kiran sunan Yaya ba, ƙanwa ba ta yi. Kuma mace ba ta ɗaga murya a kan maza ranar suna. Na ture hannun da ya riƙe min mayafi, na matsa bakin ƙofar zaure, na faɗi sunan da ƙarfin da ya rage min a ƙirji, yadda na layin baya ma sai da suka waiwayo.

Wani ya ce, "Subhanallahi, wace ce wannan?"

Sai na ji muryar Auta, a dishe. Ya ce, "Yayata ce. Abin da ta faɗa shi ne, Malam. A yanka."

Aka yanka, aka shafa fatiha.

Masu dariya a gefen baki, ku ci gaba, bakinku ne. Wanda ya ga garken da ya fi abin da Yaya ya saya da nasa, ya koro shi ƙofar gidan nan in gani. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da Inna a inda uwa ba ta kawar da kai daga ɗanta. Jaririn kuwa yana nan a cinyata, yana barci, da sunansa.